Wa ke da hannu a titi? Amsa ga mai shirin gwajin lasisin tuƙi a Kano

Wata baiwar Allah daga Gwale ta aiko da tambaya. Ta ce ta kammala makarantar koyon tuƙi, tana shirin zuwa gwaji gaban jami'an VIO masu duba motoci da gwada direbobi, amma abu ɗaya ya hana ta sakat: wa ya kamata ya fara wucewa? Malaminta ya ce a shataletale na hagu ake ba hanya, bidiyoyin da take kallo a YouTube kuma suna cewa na dama, da ta fita titi sai ta ga kowa kutsawa kawai yake yi. Wanne za ta riƙe?

Ƙanwata, maganar malaminki za ki riƙe. Masu bidiyon ma ba ƙarya suka yi ba, dokar ƙasarsu suke koyarwa. Da yawa daga darussan tuƙin da ake samu a intanet daga Ingila suke fitowa, kuma can a hannun hagu ake tuƙi. Mu ma haka muke yi a da, sai ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta koma hannun dama, irin na maƙwabtanmu Nijar da Chadi da Kamaru da Benin. Tun daga ranar komai ya juya. Mu muna zagaya shataletale ne ta dama, tsibirin tsakiya yana hagunmu, saboda haka motar da ta riga ki shiga da'irar ta hagunki za ta ɓullo. Ita za ki jira. Duk bidiyon da kika ga sitiyarin motar yana ɓangaren dama, ki san ba ke ake koya wa ba, gara ki rufe shi tun kafin ya gina miki ɗabi'ar da za ta yi wuyar rushewa.

Na daɗe ina koyar da tuƙi a cikin birnin nan, kuma abin da na fi lura da shi shi ne ɗalibai suna haddace ƙa'idojin ba da hannu ɗaya bayan ɗaya kamar ba su da alaƙa da juna: ta shataletale daban, ta kwana daban, ta fitowa daga lungu daban. Da an sauya musu fasalin tambaya kaɗan sai kai ya kulle. Alhali kusan dukkansu daga tushe ɗaya suka fito. Wanda zai yanke wa wani tafiya, shi ne zai dakata. Wanda ke kan layinsa yana tafiyarsa bai sauya komai ba. Ke da kike son shigowa, ko ki tsallaka, ko ki juya, ko ki sauya layi, ke ce kika zo da sabon abu, don haka nauyin jira yana kanki. Idan kika buɗe littafin dokokin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, za ki ga yawancin maganarsa a wannan babi a kan wanda zai tsaya ne, da wanda zai rage gudu, da wanda zai duba. Ba za ki ga inda ya ba wani izinin ya danna kan mutum saboda hannunsa ne ba.

Kafin wannan ƙa'ida ta yi aiki, sai kin fara duba ko akwai wanda ya riga ya raba gardama a wurin. Na farko shi ne jami'in da ke ba da hannu, ɗan sanda ne, ɗan KAROTA ne ko na Hukumar Kiyaye Haɗurra. Hannunsa yana gaba da fitilar danja. Ko fitila ta nuna kore, in ya ɗaga miki tafin hannu, tsayawa za ki yi. Ko ta nuna ja, in ya yafito ki, ki wuce. Wannan tambaya tana yawan fitowa a gwaji, kuma ɗalibai suna faɗuwa a kanta saboda suna ganin na'ura ta fi mutum iko. In babu jami'i, sai fitila. In babu fitila, ko ta mutu, sai allunan gefen titi da zanen da ke kan kwalta. Sai duk waɗannan sun kau ne za ki dawo kan ƙa'idar gama-gari.

Maganar fitila gajeriya ce, amma akwai wurare uku da ake zamewa. Ruwan ɗorawa ba gayyatar ƙara wuta ba ce. Ma'anarta ki tsaya, sai dai in kin riga kin haye layin tsayawa ko kin matso shi sosai har taka birki da ƙarfi zai sa na bayanki ya dake ki. Kore kuma yana nufin ki wuce idan hanya a buɗe take. In gaban mahaɗar ya cushe, kamar yadda ake gani a wajejen Bata ko Kantin Kwari da yamma, kada ki shiga tsakiya ki tsaya. Fitila za ta juya, ki toshe waɗanda aka ba hannu, gosulo ya kama ko'ina. Inda kika ga an zana akwati mai layukan ruwan ɗorawa a giciye a tsakiyar mahaɗa, abin da yake cewa ke nan: kada ki shiga sai kin ga wurin fita. Na uku, a Amurka ana barin direba a wurare da yawa ya yi kwanar dama ko da ja ta kama. Kada ki ɗauko wannan. A nan ja tsayawa ce, sai in akwai koriyar kibiya da ke nuna ɓangaren da za ki bi.

Alluna biyu ne suka shafi tambayarki kai tsaye. Ɗaya ja ne mai kusurwa takwas, an rubuta STOP a jikinsa, kuma shi kaɗai ne allo mai wannan siffa, domin a gane shi ko da ƙura ta rufe rubutun ko ta baya aka hango shi. Yana nufin tayoyinki su daina juyawa gaba ɗaya a bayan layin, ko da titi ba kowa. Ɗayan kuma mai kusurwa uku ne da aka kifa, tsininsa yana kallon ƙasa. Shi ba ya tilasta miki tsayawa. Ki rage gudu, ki duba, in babu mai zuwa ki wuce, in akwai ki jira. Mai gwaji ya san bambancin nan sarai, kuma yana jin motar a jikinsa. Idan kika yi rarrafe kika wuce allon STOP ba tare da motar ta tsaya cak ba, ya riga ya rubuta.

Yanzu shataletale, tunda shi ne asalin tambayarki. Tun daga nesa za ki fara shiri, ba sai kin iso baki ba. Ki rage gudu, ki sauko da giya, ki zaɓi layinki. Idan mafita ta farko za ki bi, wato kwanar dama, ki kama layin dama ki sa siginar dama tun kafin ki shiga. Idan miƙewa za ki yi, ba ki buƙatar sigina wajen shiga, amma da zarar kin gota mafitar da ke kafin taki, sai ki sa siginar dama ki sanar da cewa za ki fita. Idan hagu kika nufa ko komawa inda kika fito, ki kama layin hagu da siginar hagu, ki zagaya ta ciki kusa da tsibirin, sannan ki juya siginar zuwa dama idan mafitarki ta matso, ki duba madubin dama da kafaɗarki kafin ki fito. A bakin shiga idonki yana hagu. Na ciki shi ke da hannu, ko baro yake turawa. In kin ga sarari ki shiga ba tare da tsayawa ba, domin tsayawar da ba dalili ita ma kuskure ce, kuma ita ke jawo a daki mutum ta baya.

Akwai dalilin da ya sa aka fifita na ciki, kuma ina so ki fahimce shi, ba ki haddace kawai ba. Shataletale ba ya aiki sai motoci suna fita daga cikinsa. In masu shigowa suka riƙa tsayar da na ciki, da'irar za ta cika, mafita ta toshe, a wayi gari kowa yana jiran wanda shi ma jiransa yake. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a shataletale a Kano da magariba ya ga haka da idonsa: ba yawan motoci kaɗai ke kulle wurin ba, kutsen masu shigowa ne. Abu na ƙarshe a nan, idan kika gota mafitarki, kada ki taka birki, kada ki yi ribas. Ki sake zagayowa. Ba wanda zai kayar da ke don kin zagaya sau biyu, amma ribas a cikin da'ira zai iya ƙare miki gwajin nan take. Ki kuma ba tirela da tanka fili, domin tsawonsu yana sa su ci layi biyu wajen juyawa, kuma direban ba ya ganin ƙaramar mota da ta lafe a gefensa.

Garin ya sauya fuska a shekarun nan. An yi gadar sama a Ƙofar Nassarawa, Ɗangi da Hotoro sun koma gadojin sama da na ƙasa, Kabuga da Ƙofar Ruwa sun sami gadar ƙasa. Wannan ya kawo wata mahaɗa da tsofaffin direbobi ba su koya ba, wato inda hanyar gefe ke narkewa cikin babban titi ba tare da kwana ba. Mai shigowa ne ke ba da hannu. Amma ba ta hanyar tsayawa cak a ƙarshen hanyar ba. Ki sa sigina, ki daidaita gudunki da na masu tafiya, ki nemi giɓi ta madubi, ki shige. Haka kuma duk lokacin da za ki sauya layi: wanda ke cikin layin shi ke da shi, siginarki roƙo ce, ba umarni ba.

Wurin da na fi jin tsoro wa sabon direba ba shataletale ba ne, kwanar hagu ce. A shataletale gudu kaɗan ne, in an yi karo yawanci ƙarfe ne ke lanƙwashewa. A kwanar hagu kuwa kina gicciye gaban motar da ke tahowa da cikakken gudu, kuma gefen motarki, inda ƙofa kawai ta raba fasinja da waje, shi za a daka. Ƙa'idar a fili take: mai kwanar hagu yana jiran duk wanda ke tahowa daga gaba, mai miƙewa ne ko mai kwanar dama, ko da ku biyun kore ta ba ku hannu, sai in koriyar kibiya ta hagu ce ta kama miki ke kaɗai. Matsalar ita ce auna tazara. Ga lissafin da nake yi wa ɗalibaina. Iyakar gudun ƙaramar mota a cikin gari kilomita 50 ne a awa. Mota mai wannan gudu tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. In ke sabuwar hannu ce, tayar da mota daga tsaye har ki gama tsallakewa zai iya ɗaukar daƙiƙa 5, wato mai zuwa ya ci mita 70 kafin ki fice. In kuwa gudun 80 yake yi, kamar yadda wasu ke yi a titin Zariya ko titin BUK idan hanya ta yi sarari, mita 110 zai ci. Shi ya sa motar da kike gani can nesa take isowa kafin ki saki kuloci. In zuciyarki ta yi kokwanto, ki bar ta ta wuce. Kuma yayin da kike jira a tsakiyar titi, ki bar tayoyinki a miƙe, kada ki murza sitiyari tukuna, domin in aka dake ki ta baya kada a tura ki gaban masu zuwa.

Juyawa ta giɓin da aka bari a tsakiyar titi mai hannu biyu hukuncinta ɗaya da wannan, har ma ta fi nauyi, domin kina shiga layin masu gudu da motar da ba ta da gudu. Kowa kike jira.

Fitowa daga lungu, ko gida, ko gidan mai, ko wurin ajiye motoci, ke ce baƙuwa a titin. Kina jiran masu mota, kina kuma jiran masu tafiya a ƙasa da ke bin gefen titi, domin su za ki fara yankewa. Kada ki fito babban titi da ribas. Idan ƙaramar hanya ta haɗu da babba, na kan babbar ke da hannu ko babu allo. Idan kuma hanyoyin biyu kai ɗaya suke, babu allo babu zane, irin na cikin unguwanni, shawarata kada ki ɗauka kina da fifiko a kan kowa. Ki rage gudu sosai, ki bar wanda ya riga ki isowa, ki haɗa ido da ɗaya direban kafin ki motsa. A lungunan cikin Badala da ba sa ɗaukar mota biyu, in abin da ya tare hanya a ɓangarenki yake, mota ce aka ajiye ko tulin yashi ko rumfar biki, ke za ki tsaya mai tahowa ya wuce, tunda ke ce za ki ari hannunsa.

Masu tafiya a ƙasa su ne aka fi zalunta a titunanmu, kuma wannan yana ci mini rai. Inda aka zana fararen layuka na tsallakawa, da zarar mutum ya sa ƙafa a kai, hanya tasa ce. Ki tsaya kafin layin, ba a kansa ba. Kada ki wuce motar da ta tsaya a wurin, domin ta tsaya ne saboda wani da ke ba ki gani. Idan kina shiga kwana kika tarar mutum ya riga ya fara tsallaka titin da za ki shiga, ki jira shi. Inda ma babu zane, kuskuren mai tafiya ba ya halatta miki jikinsa. Yaro ɗan makaranta ba ya iya auna gudun mota, tsoho ba ya iya sauri, makaho da ɗan jagoransa sun dogara ne da imaninki, mai tura kurar ruwa kuma in ta ɗauki gangara ba shi da birki. A bakin Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, wanda ke tsallakawa mai yiwuwa hankalinsa yana kan majinyacin da ya bari a ciki. Tun muna yara aka karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kame cutarwa yana cikinsa. Ban ga inda riƙe sitiyari ya sauke wa mutum wannan nauyi ba.

Motar asibiti, motar 'yan kwana-kwana da ta jami'an tsaro da ke kan aikin gaggawa, in suna jiniya, ana buɗe musu hanya. Ki sa sigina, ki matsa dama, ki rage gudu ko ki tsaya inda ba za ki toshe mahaɗa ba. Kada ki bi bayansu don ki ci arzikin hanyar da aka buɗe. Ayarin kai amarya da ke kunna fitilu huɗu suna oda ba su da wani fifiko a doka. Ki kauce musu don tsira da lafiyarki, amma in an tambaye ki a gwaji, amsa ita ce ja tana tsayar da su kamar kowa. Jirgin ƙasa kuwa, wanda ya iso Kano tun 1911, ba a ja da shi. Ba ya kaucewa, kuma yana buƙatar doguwar tazara kafin ya tsaya. Kada ki hau layin dogo sai kin tabbata akwai wurin da motarki za ta zauna gaba ɗaya a ɗaya ɓangaren.

Saura maganarki ta ƙarshe, cewa a titi kowa kutsawa yake. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye miki ba, da yawa daga masu kutsen ba su taɓa zama gaban mai gwaji ba, ta bayan fage suka sami lasisi, kuma ina ganin wannan na cikin manyan dalilan da ke sa muke binne mutanen da bai kamata mu rasa ta wannan hanya ba. Tun da aka hana acaɓa a farkon 2013, adaidaita sahu ta zama abin hawan yawancin mutanen gari, kuma mai ita idonsa yana kan fasinjan da ke gefen titi, zai iya yanko gabanki ya tsaya ba sigina. Wannan ba ya sauya doka, amma yana sauya yadda za ki yi amfani da ita. Ki san lokacin da hannunki ne, ki shiga da niyyar wucewa, amma ƙafarki tana kusa da birki, kina zaton wani zai karya. In ya karya, ki bar masa. Mai gwaji ba zai rage miki maki don kin kauce wa haɗari ba.

Ki kula da walƙiyar fitilar gaba. A wasu ƙasashe direba kan walƙa wa mutum yana nufin bismillah, wuce. A titunanmu sau da yawa akasin haka yake nufi: ina tafe, kada ki shigo. Kada ki gina shawararki a kanta. Haka idan wani direba ya yafito ki da hannu ki shiga, ki gode masa, amma layinsa kaɗai ya ba ki. Babur ko adaidaita na iya fitowa ta gefensa, kuma shi bai yi magana da yawunsu ba. Sannan kada alheri ya kai ki ga tsayawa a tsakiyar shataletale ko kan babban titi don ki ba wani hanya alhali hannunki ne. Na bayanki bai sa ran haka ba.

Ranar gwaji za a yi miki tambayoyi kan alluna da dokoki, sannan a ga tuƙinki. Mai gwajin ba ya ganin abin da ke cikin kanki, sai abin da jikinki ya nuna. Ki juya kai a fili idan kina duba hagu da dama, ki kalli madubi kafin sigina, ki sa sigina kafin birki. Za a yi miki oda daga baya idan kika tsaya a inda ya kamata, musamman in an ga jan harafin L a jikin motar. Kada odar ta tura ki cikin giɓin da ba ki gamsu da shi ba. Kafin ranar, ki roƙi malaminki ya fita da ke da sassafen Lahadi, lokacin da titi ya yi sauƙi, ku bi shataletale ɗaya ta kowace mashiga ku fita ta kowace mafita, ki kuma yi kwanar hagu a titi mai hannu biyu har sai idonki ya saba auna tazara. Bayan haka ku koma wuraren nan da la'asar, lokacin tashin kasuwa. Allah ya ba da sa'a.